Sankarar mama: Ko ta taɓa ƙashi, akwai sauran magani

Akwai wata magana da muka sha ji a kasuwannin ƙasar Arewa, tun daga Dogon Dutsi da Matankari da Dankasari har zuwa Tibiri da Dumega da Gesheme. Za ka tarar da rumfar wata baiwar Allah da ka saba sayen man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a wurinta a rufe, mako ɗaya, mako biyu, har wata guda. Idan ka tambayi maƙwabciyarta, sai ta sassauta murya ta ce: "Ai Hajiya ba ta da lafiya, ciwon nan ne na mama. An kai ta Yamai, likita ya ce ya bazu, an dawo da ita gida." Daga nan sai kowa ya ce Allah Ya sawwaƙe, a ci gaba da ciniki. A zuci kuwa an riga an yanke cewa sai dai jiran lokaci.

Wannan kalma ta "ya bazu" ita muke so mu tsaya a kanta a yau, domin ta sa mata da dama sun haƙura da magani tun da sauran ƙarfinsu. Bazuwa iri-iri ce. Akwai matar da cutar ta riga ta mamaye mata hanta da huhu da ƙasusuwa, akwai kuma wadda ɗigo ɗaya ne ko biyu aka gani a ƙashin baya ko a huhu, sauran jikinta kuwa lafiya lau. Likitoci ba sa yi wa waɗannan mata biyu lissafi ɗaya, don haka bai kamata mu ma mu yi masu kuɗin goro ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2 da dubu 300 aka gano suna ɗauke da sankarar mama a duniya, yayin da dubu 670 suka rasu a dalilinta. A nan Nijar ita ce kan gaba a cututtukan daji da ke kama mata, sankarar bakin mahaifa tana bi mata. Abin da ya fi damun likitocinmu shi ne akasarin mata ba sa isa asibiti sai ƙullutun ya girma, ko ma ya fashe ya zama gyambo. Ke nan maganar bazuwa ta shafi gidaje da yawa a cikinmu.

Yadda cutar ke tsallakawa

Sankarar mama tana farawa ne daga wasu ƙwayoyin halitta na cikin mama da suka kauce wa tsari, suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har suka taru suka zama ƙullutu. Daga nan wasunsu kan ɓalle su gangara kaluluwar hammata. Idan a hammata kawai cutar ta tsaya, likitoci ba sa lissafa ta a matsayin wadda ta yi nisa, kuma ana yin magani ne da niyyar a warke ɗungurungum. Muna jan hankali a nan, domin mata da yawa da aka ce wa "ta shiga hammata" sukan ɗauka an ce masu ta gama jiki ke nan, alhali ba haka ake nufi ba.

Bazuwar da likitoci ke nufi ita ce idan ƙwayoyin sun bi jini sun je sun yada zango a wani sashe mai nisa. Wurare huɗu suka fi zuwa: ƙashi, wanda shi ne kan gaba, sai huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Wannan shi ake kira mataki na huɗu, kuma kalmar da uwargida za ta ji a bakin likita ita ce metastaz. Ko da cutar ta koma ƙashi, sunanta sankarar mama, kuma maganin sankarar mama ake ba ta.

A shekarar 1995 wasu likitoci biyu na Jami'ar Chicago da ke Amurka, Samuel Hellman da Ralph Weichselbaum, suka fito da ra'ayin cewa tsakanin cutar da ke mama kaɗai da wadda ta game jiki akwai wani zango na tsakiya, inda cutar ta tsallaka amma wurare ƙalilan ta kama. Suka laƙaba masa suna oligometastasis, wato ƙaramar bazuwa. A yau yawancin likitoci suna sa mace a wannan rukuni idan wuraren da aka gani ba su wuce biyar ba, kuma kowanne yana inda za a iya kai masa hannu da tiyata ko da na'ura. A jimlace, irin waɗannan mata sun fi daɗewa a raye, musamman waɗanda a ƙashi kaɗai aka ga cutar.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu gaskiya ba, da wuya a warke sarai daga mataki na huɗu. Wani bincike da asibitin MD Anderson na Amurka ya wallafa a 1996, wanda ya bi diddigin mata 1,581, ya nuna kimanin 3 cikin 100 ne suka wuce shekara biyar ba tare da an sake ganin cutar ba. To amma waɗancan mata an yi masu magani ne tsakanin 1973 da 1982, kafin a samu magungunan da za mu ambata a ƙasa. Abin da ake nema a yanzu shi ne a danne cutar a riƙe ta, kamar yadda mai hawan jini ko mai ciwon suga ke zaune da nasa, yana shan magani yana harkokinsa.

Darasin buhun wake

Duk mai sayar da wake ta san cewa idan ta buɗe buhu ta ga ƙwaya uku ko huɗu da huji, ba ta cewa bari in tsince waɗannan, sauran lafiyarsu ƙalau. Ta san ƙwaro ya riga ya yi ƙwai a jikin wasu da ido ba ya gani, shi ya sa buhun gaba ɗaya take shanyawa a rana, ko ta juye shi a buhun nan mai ruɓi uku ta ɗaure tamau.

Haka lamarin yake a jikin mutum. Hoton asibiti, komai kyansa, ba ya ganin ƙwayoyin cutar da ba su taru suka yi girma ba. Idan an ga ɗigo biyu a ƙashi, akwai yiwuwar wasu suna nan a ɓoye. Saboda haka ginshiƙin magani a ƙaramar bazuwa shi ne maganin da ke bin jini ya zagaya jiki duka, na sha ne ko na allura ko na ƙarin ruwa. Tiyata da gashin na'ura ƙari ne da ake yi a kansa idan likitoci sun ga dacewar haka. Duk wanda ya ce wa mace zai cire mata ɗigon kawai ta huta, ya tsince mata wake mai huji ne ya bar ƙwai a buhu.

A fara sanin irinta

Kafin a zaɓi magani, abubuwa biyu ake buƙata. Na farko, a san iyakar inda cutar ta kai, ta hanyar hoton ƙirji da eko na ciki da sikana, da hoton ƙashi idan ya samu. A nan ma akwai abin lura, domin ba kowane tabo da aka gani a hoto ne daji ba. A ƙasarmu tarin fuka yana barin tabo a huhu, yana kuma cin ƙashin baya, ƙurjin hanta ma yana iya ruɗa ido. Shi ya sa idan da hali likita kan so ya ɗebi ɗan nama daga wurin ya tabbatar, kada a yanke wa mace hukuncin mataki na huɗu a kan cutar da ke warkewa da maganin wata shida.

Na biyu, a san irin sankarar. Ana ɗiban ɗan nama daga ƙullutun da allura a kai ɗakin gwaji, inda ake raba ta gida uku. Akwai mai rayuwa da sinadarin jikin mata da ake kira istirojin, wadda ita ce ta fi yawa a duniya, kimanin 7 cikin 10. Akwai mai ɗauke da wata alama da ake kira HER2, wadda ke kama 15 zuwa 20 cikin 100. Sai ta ukun da ba ta da ko ɗaya daga waɗannan alamomi, wadda bincike ya nuna ta fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai. Wannan gwaji yana da tsada, sakamakonsa kuma yakan ɗauki lokaci, amma shi ne ke hana a kashe kuɗi a kan maganin da bai dace da cutar ba.

Magungunan da ke zagaya jiki

Ga mai irin farko, dabarar ita ce a yanke wa cutar abincinta. Sanannen magani a nan shi ne tamoksifen, ƙwaya ɗaya a rana, wanda aka shafe shekara hamsin ana amfani da shi, kuma yana cikin magungunan daji mafi araha. Ba kasafai yake zubar da gashin kai ba, ba ya hana mace zama a rumfarta, kuma da azumi ana iya mayar da shansa bayan buɗa-baki. Sai dai yakan kawo jin zafi da gumi, mai ciki ba ta shan sa, kuma idan ƙafa ɗaya ta kumbura ko aka ga jini ba lokacin al'ada ba, a hanzarta sanar da likita.

Idan mace ba ta daina al'ada ba, akan haɗa da dakatar da ma'ajiyar ƙwan haihuwa, wadda ita ce ke samar da sinadarin, ko dai ta hanyar allurar wata-wata ko ta ƙaramar tiyata sau ɗaya. Wannan dabara tsohuwa ce. Tun a 1896 wani likita a birnin Glasgow na Birtaniya mai suna George Beatson ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mai sankarar mama da ta yi nisa ma'ajiyar ƙwai, sai ƙullutun ya motse. Ga macen da ke zaune a Sukukutan ko Dogon Kiriya, wadda zuwa allura duk wata zai yi wa wuya, wannan zaɓi ne da ya kamata ta tattauna da likita tare da maigidanta, domin bayan tiyatar babu sauran haihuwa. Waɗanda suka daina al'ada kuwa akan ba su letrozol ko anastrozol.

A 'yan shekarun nan an samu wasu sababbin ƙwayoyi da ake haɗawa da waɗannan, irin su ribosiklib. A wani bincike da aka yi a kan mata 668, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2021, rabin waɗanda suka sha ribosiklib tare da letrozol sun wuce shekara biyar a raye, duk da cewa cutarsu ta riga ta yi nisa. Matsalarsu ita ce tsada, domin sun fi ƙarfin mafi yawanmu.

Ga mai alamar HER2 akwai tirastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin. An fara amfani da shi a Amurka a 1998, ana ba da shi duk bayan mako uku, ana kuma duba lafiyar zuciya lokaci-lokaci. A da wannan iri yana cikin mafi saurin kisa, amma a wani bincike na mata 808 da ake kira CLEOPATRA, 37 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa shi da wasu magunguna biyu suna nan da ransu bayan shekara takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin magungunan da suka wajaba kowace ƙasa ta tanada a 2015, sannan a 2019 ta amince da wani samfurinsa mai rangwamen kuɗi.

Ga mai iri na uku, da kuma duk wadda cutar ke hanzarin lalata mata hanta ko huhu, sai a koma ga kemo, wanda a asibitocinmu ake ce wa shimiyo. Yawanci ƙarin ruwa ne duk bayan mako uku, ko mako-mako. Yana sa tashin zuciya da kasala da zubewar gashin kai, amma gashin yana dawowa bayan an gama, kuma akwai maganin amai. Har ila yau akwai na ƙwaya mai suna kafesitabin, wanda ake sha a gida mako biyu a huta mako ɗaya, abin da ke rage wa 'yan karkara zirga-zirga. Idan cutar tana ƙashi, akan ƙara da wani ruwa mai suna zoledronat duk wata ɗaya ko uku don rage haɗarin karaya, bayan an duba ƙoda da haƙora.

Gashin na'ura

Da yawa daga cikin iyayenmu mata da sun ji an ce gashi sai su ɗauka wuta za a sa masu. Haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, ana kwantar da mutum na 'yan mintoci, ba ya jin komai a lokacin. Ga ciwon ƙashi da ke hana barci, sau da yawa zama ɗaya tak ya wadatar, kuma kimanin 6 cikin 10 suna samun sauƙi.

Akwai kuma wani gashi na zamani da ake saita shi daidai kan ɗigon, a yi masa ruwan haske mai yawa cikin zama kaɗan da niyyar a kashe shi gaba ɗaya. Shi ne abin da aka fi magana a kai game da ƙaramar bazuwa. Wani likita ɗan ƙasar Kanada mai suna David Palma ya jagoranci bincike a kan mutum 99 masu daji iri daban-daban, 18 daga ciki masu sankarar mama. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna 42 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan gashi sun kai shekara biyar, yayin da 18 cikin 100 ne kawai suka kai a cikin waɗanda ba a yi wa ba. Wannan ya faranta wa likitoci rai ƙwarai.

Sai dai kuma da aka maimaita gwajin a kan masu sankarar mama zalla, mata 125 da ɗigonsu bai wuce huɗu ba, sakamakon da aka bayyana a Amurka a 2022 ya nuna waɗanda aka ƙara wa gashin ko tiyata ba su fi waɗanda suka tsaya ga magani kaɗai daɗewa kafin cutar ta motsa ba. Ke nan har gobe likitoci suna muhawara a kai. Darasin da ke ciki gare mu shi ne kada iyali su sayar da gona ko shanu don a fita da mace waje neman wannan gashi, alhali maganin da ke zagaya jiki, wanda aka tabbatar da amfaninsa, yana yankewa a gida saboda rashin kuɗi.

Maganar wuƙa

Mun taso mun ji ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya harzuƙa. Wannan magana ta hallaka mata da yawa, domin ita ce ke sa a ƙi ɗibar nama don gwaji, a ƙi tiyata a lokacin da za ta warkar. Abin da ke faruwa shi ne ana kai mace a makare, cutar ta riga ta tsallaka, idan ta rasu bayan tiyata sai a ɗora wa wuƙa laifi. Matuƙar cutar ba ta wuce mama da hammata ba, tiyata tana cikin manyan hanyoyin warkewa.

To idan ta riga ta tsallaka fa, cire maman yana ƙara tsawon rai? An gwada wannan a ƙasashe da dama. A asibitin Tata da ke Mumbai ta ƙasar Indiya, Dokta Rajendra Badwe ya raba mata 350 gida biyu, aka yi wa wasu tiyata aka bar wasu a kan magani, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna bambanci a tsawon rai ba. A Amurka Dokta Seema Khan ta yi irin wannan a kan mata 256, a 2020 ita ma ta samu haka, illa dai cutar ta fi jinkirin dawowa a ƙirjin waɗanda aka yi wa tiyatar. A Turkiyya kuwa binciken mata 274 ya nuna amfani ga wasu, musamman masu ɗigo ɗaya a ƙashi.

Saboda haka idan likita ya ce wa mace mai mataki na huɗu ba zai cire maman yanzu ba, a fara da magani, kada ta ɗauka ya fid da rai da ita ne. Idan kuma ya ce a cire domin gyambon yana zubar da jini ko yana wari, wannan don ta samu sauƙin zama cikin mutane ne, kuma dalili ne mai ƙarfi. Haka nan akan yi tiyata a sa ƙarfe a ƙashin cinyar da ke shirin karyewa, ko a cire ɗigo ɗaya da ya danne ƙwaƙwalwa. Macen da ɗigonta kaɗan ne, kuma magani ya karɓe ta sosai na tsawon watanni, ita ce likitoci kan zauna su duba ko za a haɗa mata duka, wato magani da tiyata da gashi, da fatan a kore cutar na dogon lokaci.

Daga Arewa ina aka dosa?

Hanyar takan fara ne daga wurin majo ko ungozoma a likitar gari, zuwa asibitin gunduma, daga nan a tura mace babban asibitin Dosso ko kai tsaye Yamai, tafiyar kimanin kilomita 275 daga Dogon Dutsi. A Yamai akwai asibitin haihuwa na Issaka Gazobi, inda aka daɗe ana duba cututtukan daji na mata, da kuma Cibiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Ƙasa, wadda aka fi sani da CNLC. A shekarar 2021 ne aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar a wannan cibiya, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan duk mai buƙatar gashi sai ya ƙetare iyaka, wanda ba shi da hali kuwa sai haƙuri. 'Yan uwanmu na tsallake, mutanen Kangiwa da Bachaka, su kuma asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya suke dosa.

Tun a shekarar 2007 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta mayar da kula da cututtukan daji na mata kyauta a asibitocin gwamnati. Ya kamata kowace mace ta san da wannan, ta kuma tambayi abin da ya shiga cikin kyautar tun ranar farko. Amma kuɗin mota da abinci da masaukin mai jinya suna wuyan iyali, kuma duk ranar da magani ya yanke a asibiti, a kantin waje ake nemo shi. Wannan ɗawainiya ta yau da gobe ita ce ke sa mata da yawa su yi zuwa biyu ko uku su tsaya.

Kada jari ya tafi a banza

'Yar kasuwa ba ta zuba kuɗi a kayan da ba ta san ribarsu ba, don haka a nan ma a yi lissafi. Wannan jinya doguwa ce, wadda ta ƙarar da jarinta a wata biyun farko ita ce ke rasa na mota a wata na shida. Matambayi ba ya ɓata, uwargida ta tafi da wanda zai riƙe mata bayani, ta yi wa likita waɗannan tambayoyi ba tare da jin nauyi ba:

Likita, wuri nawa cutar ta kama, kuma a ina? Wane iri ce a cikin ukun nan, an yi gwajin? Wannan magani da za a ba ni, don ya ƙara mini kwana ne ko don ya rage mini ciwo? Akwai na sha da zan iya karɓa in tafi da shi gida? Yaushe za a sake hoto a ga ko yana aiki? Idan ba ni da halin wannan, mene ne mai bi masa?

Akan sake dubawa ne duk bayan kimanin wata uku. Idan magani ya daina aiki akwai wani a bayansa, canjin magani kuwa ba alamar ƙarshe ba ce. A adana duk takardu da hotuna a leda guda, musamman sakamakon gwajin nama, domin ɓacewarsa na nufin sake biya. A kuma yi hattara da sakiya da tsaga da shafe-shafen da ke ƙona fata, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Da yawansu suna taɓa hanta da ƙoda, idan waɗannan suka raunana kuwa likita ba ya iya ba da kemo ko da kuɗin yana hannu. Addu'a da sadaka ba su taɓa hana shan magani ba, a haɗa su gaba ɗaya.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar da likita ya sa. Ciwon baya mai tsanani tare da nauyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari yana nufin cutar ta danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya sa mace ta daina tafiya. Haka nan ciwon kai mai tsanani da amai ko farfaɗiya, da sarƙewar numfashi, da zazzaɓi a kwanakin da ke bayan kemo. Game da raɗaɗi kuwa, akwai magunguna hawa-hawa har zuwa mofin, kuma neman su ba gazawa ba ce. Babu dalilin da zai sa a bar mace tana kwana tana nishi.

Kira ga abokan sana'a da magidanta

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Matan kasuwanninmu sun daɗe da sanin adashi, sun san yadda ake haɗa gudummawar biki da suna. Idan ɗaya daga cikinku ta shiga wannan hali, a ba ta kwasar adashi tun kafin layinta ya zo, a samu mai riƙe mata rumfa ranar da ta tafi Yamai don kada masu sayenta su watse, wadda ke da ɗa ko ƙane a birni ta nema mata wurin kwana. Dala ashirin-ashirin daga rumfa hamsin ta zama jikka biyar. Shugabannin 'yan kasuwa da na tasha ma suna da rawar takawa, ko da rangwamen kuɗin kujera ne ga mai zuwa karɓar magani.

Ku kuma magidanta, mace da yawa tana ɓoye ƙullutu ne don tsoron a cire mata mama miji ya juya mata baya. Kalma ɗaya daga bakin maigida, "tashi mu je, ina tare da ke," tana iya zama sanadin a tari cutar da wuri. Wannan ciwo ba a ɗaukar sa ta cin abinci tare ko kwanciya ɗaki ɗaya, don haka babu dalilin ware wa mai shi kwano.

Daga ƙarshe, duk bayanin da muka yi na wadda cutar ta riga ta tsallaka ne. Wadda ta ji ƙullutu a mama ko a hammata yau, ko da ba ya ciwo, ko da tana shayarwa, ko ta ga kan mama ya shige ciki ko yana fitar da jini, kada ta jira sai an gama girbi ko sai bayan Sallah. A ƙasashen da ake gano cutar da wuri, sama da 90 cikin 100 suna wuce shekara biyar. Wadda kuma aka dawo da ita gida da kalmar "ya bazu," muna roƙon danginta su sake ɗauko takardunta, su koma su tambayi likita wuri nawa ne, kuma wane iri ne. Mai yiwuwa akwai sauran shekaru da za ta yi a rumfarta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya kare mu baki ɗaya, amin.